Bangaskiyar Ranar Litinin: Jagora ga Mai Bi a Gida, Kasuwa da Unguwa

A shekarata ta biyu da fara awon hatsi na kaina, wata tsohuwa daga Zumuntar Matan ikilisiyarmu ta zo rumfata sayen masara mudu biyar. Na auna, na yi mata gyara, na ɗaure. Sai ta kwance ɗaurin, ta zaro nata mudun daga cikin kwando, ta sake awo a gabana. Na biyar ɗin da ƙyar ya kai rabi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗana, ba kai ne ka karanta mana Littafi jiya a sujada ba?" Na ce, "Ni ne, Mama." Ta ce, "To, na dai ji muryar kamar taka." Ta ƙirga kuɗin mudu biyar cif ta ajiye, ta yi tafiyarta.

Mudu biyu na gada a wurin ubangidan da ya koya mini sana'a, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Ban taɓa lissafa shi cikin zunubi ba, cewa nake haka kasuwa take. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni yadda zai yi zaman Kirista na gaskiya, shawara ɗaya nake ba shi: ya fara da abin da ake iya ƙirgawa. Ƙauna da tawali'u da haƙuri su ne manya, ba musu, amma mutum yana iya shekara 20 yana ruɗin kansa cewa yana da su. Minti da mudu da naira da ranar alkawari kuwa ba sa karɓar ruɗi. Ko ka biya, ko ba ka biya ba.

Kada wani ya ji ni a karkace. Ba da cikar mudu ake samun ceto ba, Afisawa 2:8-9 ta rufe wannan magana. Sai dai aya ta 10 tana biye da su, ita ce kuma ta ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka. Matakai bakwai da zan jera a ƙasa ba na rana ɗaya ba ne. Ka ɗauki guda, ka riƙe shi mako biyu ko uku har ya zauna, sannan ka ƙara na gaba. Da "ka" nake magana don sauƙi, amma 'yar'uwa, har da ke.

Na farko: minti 15 kafin gida ya tashi

Ka zaɓi lokaci guda da wuri guda, kada ka riƙa canzawa. Markus 1:35 ta nuna Yesu yana tashi tun da sauran duhu ya keɓe don addu'a. Mu da ke zaune a garuruwan da ake kiran salla, an ma rage mana wahalar agogo. Maƙwabcina yakan fita masallaci da asuba, ni kuma ƙarar ƙofarsa ce ke tashe ni, kuma na sha jin kunya ranar da ya dawo ina nan kwance.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne farawa daga Farawa da niyyar kaiwa Wahayi. Mutum ya taho da zafinsa, ya wuce Fitowa, ya shiga Littafin Firistoci, a nan tafiyar take mutuwa. Fara da Markus. Sura 16 ce, in kana karanta rabin sura kullum, kwana 32 sun ishe ka. Daga nan ka ɗauki Sabon Alkawari gaba ɗaya: sura 260 ce, in ka karanta sura ɗaya kwana biyar a mako, cikin mako 52 ka gama daidai, ga kuma kwana biyu kowane mako na cike giɓi. Ɗan kasuwa kuwa ya haɗa da Karin Magana, mai sura 31, yana bin kwanan wata.

Ka karanta da harshen da kake yin fushi da shi, kake kuma lallashi da shi. In Hausa ce, to Hausa. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Mila na Zariya ya ba da shekaru masu yawa a kansa tare da wasu. Dattawanmu har yanzu ayoyin wannan tsohuwar fassara suke haddacewa, amma wadda ta fito wajen 1980 ta fi sauƙi ga mai farawa. Wanda bai iya karatu ba, ko idonsa ya yi rauni, akwai na sauraro a waya, yaro zai iya sa masa. In da waya kake karatun, kashe data tukuna, in ba haka ba za ka shiga neman Markus ka tsinci kanka a Facebook.

Bayan karatun, ka rubuta layi ɗaya tak a ƙaramin littafi, wanda ya fara da "Yau zan". Ba "Allah ya sa in zama mai haƙuri" ba. "Yau zan gai da wane, ko bai amsa ba." Sannan addu'a. In ba ka san abin faɗa ba, bi Addu'ar Ubangiji ta Matiyu 6:9-13 a hankali, kana tsayawa a kowace gaɓa kana sa sunaye. Wurin abincin yini, ambaci kuɗin makarantar da ke damunka. Wurin gafara, ambaci sunan mutumin. Ranar da ka makara ba ka yi ba, kada ka ce sai ka rama biyu gobe, ci gaba kawai daga inda ka tsaya.

Na biyu: sujadar iyali

Maimaitawar Shari'a 6:6-7 a wuyan iyaye ta rataya koyar da yara, ba a wuyan malamin makarantar Lahadi ba, wanda sa'a ɗaya yake ganinsu a mako. Lokacin da ya fi dacewa a yawancin gidaje shi ne bayan tuwon dare, kafin a watse. Waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, ayoyi kamar goma, tambaya ɗaya, addu'a. Kada ta wuce minti 20. Na san gidajen da maigida ke mai da sujadar iyali wa'azin sa'a guda, yara suna gyangyaɗi, ana zungurinsu. Irin waɗannan yara ranar da suka bar gida, ranar suke barin Littafin.

Bari yara su yi karatun bi da bi, ko da suna tuntuɓe. Da yawa daga cikinsu yanzu da Turanci ake koya musu a makaranta, ba su iya bambanta ƙ da k a rubuce ba, a nan za su koya. In gidan Bajju ne ko Ngas ko Bura ko Tangale, a yi addu'ar rufewa da harshen gida. Yarinyar da ke taya aiki, da ɗan riƙo, su zauna a tabarma ɗaya da kowa, ba a bar su da wanke-wanke ana waƙa a ɗaki ba. In maigida ba ya nan, ko ba ya bi, uwa ta jagoranta ba tare da jin wani abu ba. Bangaskiyar Timoti daga kakarsa da uwarsa ta gangaro, haka 2 Timoti 1:5 ta ce.

Abu ɗaya da ya fi duk karatun nan aiki shi ne ranar da ka yi wa yaro faɗa bisa kuskure, ko ka yi wa uwarsu tsawa a gabansu, ka ce "na yi laifi, ku gafarce ni" kafin a buɗe Littafi. Ga namijin ƙasar nan wannan ya fi azumin kwana uku wuya.

Na uku: gyara mudunka

Kowa yana da mudu, ko bai taɓa shiga kasuwar hatsi ba. Amma bari in fara da namu, tunda shi na sani ciki da bai.

Dabarun sanannu ne. A daki gindin mudu ya lotsa ciki. A yayyafa wa hatsi ruwa don ya yi nauyi. A zuba mai kyau a bakin buhu, a cusa mai ƙaiƙayi da tsakuwa a tsakiya. A gauraya tsohon wake da sabo a ce duka na bana ne. Maimaitawar Shari'a 25:13-16 ta hana mutum ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, a jakarsa ko a gidansa. Ka lura, ajiyewar ma aka hana, tun kafin a kai ga amfani da shi. Amos 8:5-6 kuwa kamar a kasuwarmu ya zauna ya rubuta: masu ƙosawa ranar hutu ta wuce su buɗe rumbu, su rage mudu, su sayar har da sharar hatsi.

Ga yadda za ka yi. Ka fitar da ƙaramin mudun daga rumfa yau, ba gobe ba.  Ka saya ka sayar da mudu guda, ka bar mai saye ya auna da kansa in yana so. In kaya yana da aibi, faɗa kafin a tambaye ka, ka rage kuɗin. Ka daina rantsuwa a kan farashi. "Wallahi ban sayo haka ba" ta zama kamar gaisuwa a kasuwa, har masu bi sun ɗauka, alhali Matiyu 5:37 ta ce i ɗinka ya zama i, a'a ta zama a'a. Ba dole ba ne ka faɗa wa kowa nawa ka sayo. Kana iya cewa "albarka" ka yi shiru. Abin da ba ka da izini shi ne ƙirƙiro farashin da ba a yi ba.

Maganar ajiyar wake ta fi rage mudu muni, don ita rai take taɓawa. Masu zuba maganin feshi na kashe ƙwari kai tsaye cikin waken da mutane za su ci, NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta sha yi musu gargaɗi. Akwai hanya mai tsabta: buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. In wake ya bushe sarai, ka matse iskar, ka ɗaure kowace leda daban, ƙwarin sukan mutu don rashin iska ba tare da magani ba. Ya fi buhun gama-gari tsada, amma in ba a huda shi ba yakan yi fiye da kaka ɗaya.

Sai ɓoye hatsi. Ajiya ba laifi ba ce, Yusufu ma ya yi ajiya a Masar, kuma duk ɗan kasuwa da kaka yake saye don ya sayar gaba. Amma Karin Magana 11:26 ta ce mutane sukan la'anci mai ɓoye hatsi, albarka kuwa tana kan mai sayarwa. Ƙa'idar da na kafa wa kaina ita ce, in Yuli da Agusta suka zo, rumbunan mutane sun ƙare, sabo bai nuna ba, sai in buɗe sito ko da ina ganin farashi zai ƙara hawa.

Kada in ɓoye maka, ribarka za ta ragu da farko, abokan sana'a kuma za su ce kana ɓata musu kasuwa. Ba kuma zan yi maka alkawarin cewa Allah zai ninka maka cikin wata uku ba. Wasu sun samu ƙarin masu saye don an san awonsu, wasu kuwa ribar ta ragu ta zauna a haka. Akwai kuma mayar da haƙƙi. Shugaban masu karɓar harajin nan na Yariko, a Luka 19:8, bai tsaya a kan "na daina" ba, ya ce zai mayar. Ni waɗanda na san na daɗe ina auna musu, na yi watanni ina ƙara musu, na kuma faɗa musu dalili. Faɗar dalilin ta fi ƙarin ciwo.

Tela, mudunki ranar alkawari ce. In kin san ɗinkin Kirsimeti ya fi ƙarfinki, ki daina karɓa tun farkon Disamba, ki kuma mayar da ragowar yadi. Makanike, kada ka sa tsohon ƙarfe ka karɓi kuɗin sabo. Ma'aikacin ofis, mudunka rajistar zuwa aiki ce: in ƙarfe 10 ka iso, kada ka rubuta 8. Da masu karɓar haraji da sojoji suka tambayi Yohanna Mai Baftisma abin da za su yi, a Luka 3:12-14, bai ce su bar aikin ba. Ya ce kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, kada su yi ƙwace ko ƙazafi, su ƙoshi da albashinsu. Duk sunan da aka sa wa abin, na goro ne ko na mai, in sai an ba ka kake fito da fayil ɗin mutum, ka san abin da kake ci.

Na huɗu: takardar bashi

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Abin kunyar shi ne mai bi ya ga wanda yake binsa ya sauya hanya, ko ya ga kiransa ya kife waya. Zabura 37:21 mugu ta kira wanda ke ci bashi ba ya biya. Na zauna a zaman dattawan ikilisiya shekaru da dama, kuma ƙarar da ta fi zuwa gabanmu ba ta koyarwa ba ce, ta kuɗi ce.

Samo takarda, ka raba ta biyu. Gefe ɗaya waɗanda ke binka, gefe ɗaya waɗanda kake bi. Rubuta kowa, har naira 500 ɗin mai shago da ka ce "sai na dawo" tun bara. Matarka ko mijinki ya ga takardar nan. Bashin ɓoye ya rusa gidaje da yawa.

Ka fara da wanda ya fi ka talauci, ba wanda ya fi tsorata ka ba. Ladan ɗan ƙwadago da ɗan dako da 'yar aiki ba ya ma cikin bashin da ake jinkirtawa. Littafin Firistoci 19:13 ya ce kada ya kwana a hannunka, Yakubu 5:4 kuma ta ce ladan masu girbin da aka danne yana kuka har Ubangiji ya ji. In ba ka da kuɗin sallamar masu noma da yamma, kada ka ɗauke su da safe.

Sauran kuma ka je da ƙafarka, ba saƙon waya ba. Ka ce, "Ina sane da kuɗinka, naira kaza ne. Ba ni da su duka. Zan kawo kaza ranar kaza ga wata." Ka faɗi abin da za ka iya, ko ƙanƙane ne, ka cika. In ranar ta zo babu, ka riga shi zuwa. Yawancin masu bin bashi ba rashin kuɗin ne ke ƙona musu rai ba, rainin wayon ne.

A nan zan faɗi abin da wasu ba za su so ba. Ranar tara kuɗin ginin majami'a, in an miƙa maka abin magana, kada ka yi alkawarin buhun siminti 20 alhali gwauruwar da ke sayar maka da itace tana binka na wata uku. Ita ma tana zaune a wurin tana jinka. Ka ba da zakkarka da baikonka gwargwadon abin da ka yi niyya a zuciya, kamar yadda 2 Korintiyawa 9:7 ta ce, amma alkawarin burga da kuɗin mutane ba baiko ba ne. Haka cin bashi don ankon biki ko kayan Kirsimeti. Manhajojin bashi na waya kuwa, masu ba da kuɗi cikin minti biyar, ka nisance su. Ruwansu yana da nauyi, wasunsu kuma in ka makara sukan aika saƙon tozarci ga duk lambobin da ke wayarka.

In kana adashe, ranar da ka kwashi naka ba ita ce ranar ƙarewar zubi ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tsaya wa wani a wurin bashi kuma, ka karanta Karin Magana 22:26-27 kafin ka sa hannu. In ba za ka iya biyan kuɗin da kanka ba ranar da ya gudu, ka ce a'a tun yanzu, ka ba shi ɗan abin da za ka iya kyauta.

Juya takardar. Cikin waɗanda kake bi, akwai mai hali da ke wasa da kai, wannan ka tambaye shi kai tsaye, ba zunubi ba ne. Akwai kuma wanda ka san ko an matse shi ba abin da zai fito. Zaɓi ɗaya daga cikin irin waɗannan, ka je ka ce masa ka yafe, ka soke sunansa, kada kuma ka ba da labarin a wurin shaida. Al'adar nan ta ba manomi buhu ɗaya da damina a karɓi biyu da kaka, Fitowa 22:25 ta hana cin ruwa a kan matalauci, kuma ban ga yadda za a wanke ta ba.

Na biyar: baki da waya

Wannan gajere ne amma kullum ake faɗuwa a kansa. Gulmar masu bi takan sa rigar addu'a: "Mu sa wance cikin addu'a, kun ji abin da mijinta ya yi?" In addu'a ce, sunanta ya isa, Allah ya san sauran. In an kawo maka zancen wani, tambaya ɗaya ke kashe shi: "Ka faɗa masa? Tashi mu je tare."

Saƙon WhatsApp kuma, musamman lokacin da gari ya ɗauki zafi, kada ka tura hoto ko murya da ba ka san wanda ya ɗauka ba, da inda aka ɗauka, da ranar. An sha yaɗa tsohon hoto daga wata ƙasa a ce na jiya ne a ƙauyen kusa. Karin Magana 18:17 ta ce mai fara kawo ƙara shi ke da gaskiya, sai ɗayan ya zo an bincike shi. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa kafin ka goge ta riga ta kai gari goma. In labarin haɗari ne na gaske, kira mai unguwa ko jami'an tsaro ko fastonka.

Na shida: maƙwabci

Da yawanmu katanga ɗaya ce tsakaninmu da Musulmi, wasunmu ma ciki ɗaya muka fito da su. Zumunta a ƙafa take. Ka je ta'aziyya, ka zauna a tabarma tare da mutane. Ka je barkar haihuwa, ka duba mara lafiya. Da azuminsu, kada ka zauna a ƙofar gida kana shan ruwan sanyi a idon mai ƙishi. Da Kirsimeti, dattawanmu sukan kira maƙwabci Musulmi ya yanka akuyar, don a iya aika wa kowane gida a ci ba ɗar-ɗar, dabara ce mai kyau, kada a bar ta ta mutu. Abincin Salla in an kawo, ni ina karɓa da godiya. Akwai 'yan'uwa da lamirinsu bai ba su cin naman layya ba, Romawa 14 ta hana ni raina su, ta kuma hana su hukunta ni. Sai dai ko ba za ka ci ba, kada yaron da aka aiko ya koma da labarin an yatsina masa fuska.

Ka duba kwatar gidanka, ina take zuba. Ka duba lasifikar addu'ar dare, ko akwai jariri ko tsoho a bayan katanga. In an tambaye ka dalilin begenka, ka amsa a fili ba tare da ɓoye sunan Yesu ba, amma 1 Bitrus 3:15-16 ta ce da tawali'u da ladabi. Zagin abin da wani yake girmamawa bai taɓa jawo kowa ba.

Na san wanda aka ƙona wa gida zai ce maganar nan ta wanda bai ɗanɗana ba ce. Ba na raina wannan ciwo. Amma 'yan'uwanmu na EYN, wato Ikilisiyar 'Yan'uwa a Najeriya, waɗanda Boko Haram ta ƙwace hedkwatarsu da ke Kwarhi kusa da Mubi a 2014, kuma yawancin 'yan matan Chibok 'ya'yansu ne, ba su sauya koyarwarsu ta ƙin ramuwa ba. A Yunin 2018 kuma, a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta jihar Filato, wani limami, Malam Abubakar Abdullahi, ya ɓoye mutane fiye da 200 a masallaci da gidansa, galibinsu Kirista, ya tsaya a gaban maharan ya hana su shiga. Romawa 12:18 ta ce in mai yiwuwa ne, iyakar ƙoƙarinka, ka yi zaman lafiya da kowa. Ba ta hana ka kulle ƙofa ko kai ƙara ba. Ramuwa ce aya ta 19 ta cire daga hannunka.

Na bakwai: Asabar da yamma

Kafin ka goge kayan sujada, ɗauko ƙaramin littafin nan na "Yau zan" da takardar bashi, ka duba mako. Nawa ka cika? Wa ya kamata ka biya? Sannan tambaya mai nauyi: akwai wanda yake riƙe da kai a zuciya? Matiyu 5:23-24 ta ce in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon, ka je ku shirya tukuna. Ya fi sauƙi a yi wannan tafiya ranar Asabar da a tashi tsakiyar sujada, balle in Lahadin Jibin Ubangiji ce.

In kai ne mai laifi, ka ambaci laifin da sunansa. "In na ɓata maka rai ka yi haƙuri" ba roƙon gafara ba ne, wayo ne. Ka ce, "Na faɗi abu kaza a kanka a wurin wane, ba daidai ba ne." Kada ka biyo da "amma kai ma". In kai aka yi wa, Matiyu 18:15-17 ta jera hanyar: kai da shi kaɗai tukuna, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe ikilisiya. Mu kuwa mukan fara daga ƙarshen, gari duka ya ji kafin mai laifin. Wannan tsari na saɓanin yau da kullum ne. Macen da ake duka, ko yaron da ake lalatawa, ba a ce su je su kaɗai wurin mai cutar da su ba. A fitar da su wurin da babu haɗari, a kai maganar ga dattawa da hukuma.

Ka samu mutum ɗaya, namiji ga namiji, mace ga mace, wanda bakinsa ke da nauyi, wanda kuma ba ya jin tsoronka. Ku haɗu sau biyu a wata, ko bayan addu'ar tsakiyar mako. Ka ba shi izini ya tambaye ka kai tsaye: ka biya wane? Mudu nawa ne a rumfarka? Yaushe rabonka da sujadar iyali? Nawa wani tsohon malamin firamare ne, ba ya sayen hatsi a wurina, ba na binsa ba ya bina, shi ya sa tambayarsa ba ta da kara. In ka je neman sulhu aka ƙi karɓarka, ka gaya masa shi kaɗai, ku sa rana, bayan wata guda ka sake komawa.